Yaro da Kalmomin Kallo Ɗaya: Lallami Ko Bulala?

 Maganar da na ɗauko yau a cikin gidana ta taso, amma na tabbata ba gidana kaɗai ta shafa ba, domin duk wanda ke da ɗa ko jika a rabin aji zai ji kamar da shi nake.

Makonni shida da suka wuce, ran wata Litinin da azahar, jikata mai shekara biyar ta komo daga makaranta ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Kullum in ta shigo takan tsaya a zaure ta ce, "Kaka, ina kuɗin cefanena?" ni kuwa in ce amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba, ba ta da cefane a wurina. Ran nan sai ta wuce sumui-sumui. Da uwarta ta buɗe jakarta ta tarar da takarda, an jera kalmomin Turanci ashirin, an rubuta a ƙasa cewa a haddace su kafin Jumma'a. A tafin hannun yarinyar kuwa ga shatar bulala biyu. Laifinta shi ne an nuna mata "was" ta ce "saw". Washegari da safe ta ce cikinta na ciwo, ciwon bai warke ba sai ƙarfe tara, sa'ad da ta tabbata an rufe ƙofar makaranta.

Na sa hula na tafi makarantar a fusace. Da na ga malamar sai jikina ya yi sanyi: yarinya ce sa'ar 'yata ta uku, ita kaɗai da yara fiye da hamsin. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Baba, ba mugunta ba ce. Mai makaranta ya ce kafin ƙarshen zango kowane yaro ya san kalma ɗari, domin iyaye suna gwada mu da makarantar da ke bayanmu. In yara ba su iya ba, a albashina za a ji." Na komo gida na san cewa bulalar nan hannu da yawa suka riƙa ta, har da namu mu iyaye.

MECE CE KALMAR KALLO ƊAYA?

Mai karatu, sa'ad da idonka ya faɗa kan "da" ko "ya" ko "kuma" a cikin wannan shafi, ba ka tsayawa haɗa baƙi. Da ganinta ka san ta, kamar yadda ka san fuskar maƙwabcinka. Irin wannan ita nake kira kalmar kallo ɗaya. Mutum ba ya zama gwanin karatu sai ya tara dubbai irinta, domin in hankalinsa duka ya ƙare a kan haɗa baƙaƙe, ba abin da zai rage masa na fahimtar ma'ana. Saboda haka burin malamar ba laifi ba ne. Hanyar ce ke da gyara.

Jerin kalmomin da ake ba 'ya'yanmu daga Amurka ya fito. Wani malami a Jami'ar Illinois, Edward William Dolch, ya duba littattafan yara na zamaninsa, ya tsamo kalmomi 220 waɗanda suka fi yawan maimaituwa, ya buga su a 1936. An kasa su kashi biyar, kashin farko kalma 40 ne, na biyu 52. Daga baya wani kuma, Edward Fry, ya yi nasa jeri na kalma 1,000, kuma bisa lissafinsa ɗari na farko su ne wajen rabin duk abin da ake rubutawa da Turanci. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake ɗokinsu. Akwai dalili na biyu. Turanci yana da baƙaƙe 26, amma sautukansa wajen 44 ne, ga shi kuma rubutunsa ba ya cika alkawari. Dubi "one", wadda ake faɗa kamar da "w" ta fara, ko "said", wadda tsakiyarta ba ta bin abin da aka rubuta. Sai malamai suka ce irin waɗannan a haddace su ɗungum, kamar hoto.

To, amma a can inda abin ya fito ma an daɗe ana gardama a kansa. A 1955 Rudolf Flesch ya rubuta littafi mai suna Why Johnny Can't Read, ya ce koyar da kalma kamar hoto shi ya sa yaran Amurka da yawa suka kasa karatu. A 2000 wani kwamitin ƙasa da aka kafa a Amurka ya ba da rahoto cewa koyar da sautin baƙaƙe bi da bi yana taimakon yara ƙwarai, tun ba ƙanana ba. Ingila ta bi sahu bayan rahoton Jim Rose na 2006, har ta soma gwada yara 'yan shekara shida a kan haɗa sauti a 2012. Wata shehiyar malama kuwa, Linnea Ehri, ta shekara da shekaru tana binciken yadda kalma ke zama ta kallo ɗaya, abin da ta gano shi ne kalma na mannewa a ƙwaƙwalwa sa'ad da yaro ya ɗaura kowane baƙi da sautin da yake ji a bakinsa. In ya yi haka 'yan lokatai, kalmar ta zauna ke nan. In kuwa siffarta kawai ya riƙe, to "was" da "saw" duk ɗaya ne a wurinsa, tun da baƙaƙe uku ne iri ɗaya. Ashe jikata ba ta yi sakarci ba, abin da aka koya mata ta yi.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. A makarantar allo ba a miƙa wa ƙolo kalma ɗungum a ce ya haɗiye. Sai ya yi babbaƙu, ya san kowane harafi da sunansa, sa'an nan ya yi farfaru, ya san wasulla, kana ya soma haɗawa. A boko ma haka muka taso da ba, be, bi, bo, bu. Rubutun Hausa kuwa yana da kirki, galibi abin da ka gani shi za ka faɗa, ko da yake ba ya nuna tsawon wasali da hawa da saukar murya, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo sai jimla ta raba su. Yaron da ya iya haɗa baƙi da Hausa, ba wanda ke ba shi jerin "da" da "na" da "ta" ya haddace. Yau da gobe su ke sa su zame masa 'yan gida.

KAYA UKU A KAN YARO ƊAYA

Ga wani abu da masu kwafo jerin nan suka manta. Yaron da Dolch ya yi wa aikinsa ya shekara biyar yana jin "come" da "where" a bakin uwarsa. Abu ɗaya ya rage masa, watau ya gane su a rubuce. Ɗan Bahaushe a Kano ko a Agege ko a Sabo ta Ibadan kaya uku aka ɗora masa rana ɗaya: ya gane rubutun, ya iya faɗar sautin, ya kuma san ma'anar. Sautin farko na "the" ma babu shi a Hausa sam. In yaro ya rera kalma ashirin bai san abin da ko ɗaya ke nufi ba, karatun aku ya yi, kuma aku ba ya ɗokin karatu, gero yake jira.

Masana ilmin ƙasar nan sun daɗe da sanin haka. A 1970 Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka soma gwajin koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su kasa a Turancin ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a inda yake. A 2022 gwamnatin tarayya ta miƙa abin zuwa shekara shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar an janye, an koma ga Turanci. Ba yau zan shiga wannan muhawara ba. Amma kowace manufa aka bi, yaro ɗan shekara biyar bai canza ba: abin da ya gane shi yake so, abin da bai gane ba kuwa yana gudunsa.

YAYA ZA A SA YARO YA SO SU?

Na fari, a rage kaya. Kalma uku a mako, in ta yi yawa biyar, sun ishi ɗan rabin aji. Wanda ya riƙe uku kowane mako, cikin mako goma sha huɗu ya wuce kashin farko na Dolch. Sannu ba ta hana zuwa. Ba abin da ke sa yaro ɗokin karatu kamar ya ji a ransa cewa ya iya. In ka ba shi kati biyar, huɗu su zama waɗanda ya riga ya sani, ɗaya sabo, zai tashi yana murna. In ka ba shi ashirin duk sababbi, ka koya masa abu ɗaya tak, watau shi daƙiƙi ne, kuma wannan darasi yana da wuyar gogewa.

Na biyu, a raba jerin gida biyu. Da yawa daga cikin kalmomin nan ba su da wata gardama: "can", "big", "red", "run", "not", "up", "and", duk yaron da ya san sautin baƙaƙe zai haɗa su da kansa, kuma daɗin da yake ji in ya buɗe kalma da kansa ya fi na alewa. Masu gardamar ma ba duk jikinsu ke da gardama ba. A "said", baƙin farko da na ƙarshe lafiya lau suke, biyu na tsakiya su ne 'yan tawaye. Sai malama ta ce, "Ku ji, s ga ta, d ga ta, waɗannan biyun kuwa sun yi mana wayo, mu ja musu layi da jan alli, mu riƙe su." Yara suna son a ce sun kama mai wayo.

Na uku, ma'ana ta riga rubutu. Kada malama ta ji kunyar cewa "come" ita ce "zo", ko da mai makaranta ya hana Hausa a aji. A yi kalmar da jiki kafin a gan ta a allo. Kashin farko na jerin cike yake da kalmomin motsi: "jump", "run", "look", "up", "down", "go". A ɗaga kati ba tare da an yi magana ba, wanda ya gane ya yi tsalle ko ya ruga ko ya dubi sama. Yaran da ake duka don sun ƙi zama wuri ɗaya, ga shi an mai da rashin zaman nasu karatu.

Na huɗu, a shigar da kalmomin cikin wasan da yara suka riga suka sani. A zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, kowane gida da kalmarsa, ba a taka gida sai an kira sunansa. A ɓoye katuna a cikin aji, a ce wa zai nemo mana "my". A rubuta da yatsa a kan rairayi, ko a jera tsakuwa, ko a murza yumɓu a yi baƙaƙen, ana yi ana faɗar sautin kowanne. Ba a bukatar sayen kome, kwalin sukari da murafun kwalba sun isa. Wanda ya ce wasa ɓata lokaci ne, ya tuna da asalin wannan aji. Wani Bajamushe, Friedrich Froebel, shi ya raɗa masa suna kindagatin a 1840, ma'anarsa lambun yara. A wurinsa yaro shuka ne, malami mai ban ruwa, kayan aikinsa kuwa ƙwallo ne da guntayen katako da waƙa. Ban taɓa ganin mai lambun da ke jan shuka da hannu don ta yi saurin tsawo ba.

Na biyar, a yi kaɗan-kaɗan kullum. Tun 1885 wani Bajamushe kuma, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokacin da aka koyi abu, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Minti biyar da safe, biyar bayan tara, biyar a gida da yamma, sun fi sa'a guda ran Alhamis da dare ana kuka.

Na shida, wanda a ganina ya fi duka, a ba yaro abin karantawa na gaske tun makon farko. Da kalma huɗu ana yin jimla: "I can see" sai a sa sunan yaron ko hoton akuya. A ninke takarda biyu a ɗinke, kowane shafi jimla ɗaya, yaron ya yi zanen da kansa, a rubuta sunansa a bango. Ran da ya kai wannan ɗan littafi gida ya karanta wa kakarsa, ran nan ya gane dalilin wahalar. Kati ba shi da labari, littafi kuwa ko na shafi huɗu ne yana da shi.

ALEWA DA BULALA

Wani zai ce, to in an ajiye bulala sai a ɗauko alewa. Nan ma a yi hattara. A 1973 wasu masana uku, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, suka yi gwaji a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yara masu son zane da kansu. Kashi ɗaya aka yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, kashi na biyu aka ba su ba zato, na uku ba a ba su kome ba. Da aka komo bayan mako ɗaya zuwa biyu aka ajiye kayan zane ba wani alkawari, sai waɗanda aka yi wa alkawarin nan suka yi wajen rabin lokacin da sauran suka yi suna zane. Watau lada ya mai da wasa ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago ba ya aiki ran da babu biya. Ban ce kada a taɓa ba yaro kyauta ba. A ba shi ba zato, jifa-jifa, kada a yi ciniki da shi. Yabo ma a san irin wanda za a yi. Maimakon "kai gwani ne", a ce, "Na ga yadda ka tsaya ka dubi baƙin farko kafin ka faɗa." Ka ga an nuna masa abin da zai sake yi gobe. A kuma daina jera sunayen yara a bango daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Kowane yaro a gwada shi da jiyansa: makon jiya shida ka sani, yau tara.

Bulala kuwa, abin da take koyarwa na gan shi da idona, ciwon ciki ne mai warkewa ƙarfe tara. Yaron da ke tsoro ba ya duban kalma, fuskar malama yake duba, ya yi ta cinke ko Allah ya sa ya dace. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma ɗanyen icce ma in an matsa masa karyewa yake yi.

Iyayen da ba su ji Turanci ba kada su ce ba ruwansu. Uwa ta ce, "Zo ka koya mini," ta zauna ta zama ɗaliba, ta yi kuskure da gangan ya gyara mata. Ba abin da ke faranta ran ɗan shekara biyar kamar ya zama malam. A kuma ci gaba da yi masa tatsuniya da kacici-kacici da Hausa, domin yaron da bakinsa ya cika da magana, kunnensa ya saba da rarrabe sauti, shi ne ke saurin kama karatu da kowane harshe. Mu kuma da ke biyan kuɗin makaranta, mu daina tambayar kalma nawa ya haddace. Mu riƙa tambaya, yana son zuwa makaranta? In an ba shi kalmar da bai taɓa gani ba, yana ƙoƙarin haɗa ta? Ran da muka sake tambaya, masu makarantu za su sake hali, malamai kuma su sami sararin numfashi.

Game da jikata, mun yi sulhu da malamarta a kan kalma uku a mako, ni kuma na ɗauki aikin yamma. Na yanka kwali, mun zana gidaje a ƙofar zaure, har yaran maƙwabta suka shigo ciki, ina zaune a kan tabarma ina alƙalanci. Yanzu ta san kalma goma sha takwas. Ɗarin da mai makaranta ke so ba ta kai ba, ba kuwa za ta kai wannan zango ba. Amma shekaranjiya ta tsaya a gaban wani shago ta ja mini riga, ta nuna allonsa ta ce, "Kaka, ga 'and' can!" Ta kuma koma karɓar kuɗin cefanenta, ciwon cikin nan bai sake tashi ba.

Malaman rabin aji da ke karanta wannan fili, ina son in ji daga gare ku. Wace dabara kuka gwada ta yi, wace ce kuma ta ƙi? Ku rubuto, za mu buga, domin wani ya amfana.